Wa ke taya ku raino a wannan zamanin?

Maman Sadik, Rijiyar Zaki:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya tsaya mini a rai tun daren jiya har ya hana ni barci.

Yarana uku. Sadik shekararsa 6, Ilham 3, sai Haidar ɗan wata 8. Jiya dab da magariba an ɗauke wuta, ruwan tuwo yana tafasa ban yi talge ba, Haidar yana bayana yana ta tsala kuka saboda haƙori, Sadik kuma ya riƙe mini zani wai in duba masa aikin makaranta kafin duhu ya yi. Ina juyowa sai na ga Ilham ta kifar da robar kuka gaba ɗaya, ta baje ta a ƙasa tana wasa da ita kamar yashi. Wallahi ban san lokacin da hannuna ya sauka a bayanta ba. Na daka mata tsawar da na tabbata har maƙwabta sun ji. Ba ta ma yi kuka nan take ba, tsayawa ta yi tana kallona.

Ba dukan ne ya hana ni barci ba. Bayan isha'i na leƙa ɗaki, na tarar ta goya robar ruwa da ɗankwalina tana jijjigawa. Sai na ji ta ja tsaki irin nawa sak, ta waiwaya ta ce wa robar, "Ke, kin ishe ni! Za ki yi shiru ko sai na zane ki?" Muryata ce, har yadda nake ɗage gira. Na koma kicin na zauna a kan turmi na yi kuka.

Ni a Yakasai na tashi, gidan kakanmu, sashe biyar ne a ciki. Ranar da mahaifiyata ke da girki akwai hannu goma masu karɓar jariri. Inna ta ɗauka, Goggo ta goya, mu 'yan mata mu yi ta rige-rige. In ka yi rashin kunya a soro, kafin ka kai tsakar gida Baffa ya murɗe maka kunne, magana ta ƙare a nan. Da dare kakarmu ta shimfiɗa tabarma ta ce ga ta nan ga ta nanku, mu ce ta zo mu ji ta, kafin a kai ƙurunƙus rabinmu sun yi barci. Yanzu ni kaɗai ce a gidan haya, get a kulle, maigidan ya fita tun bakwai na safe sai bayan isha'i. Ni ce uwa, ni ce kaka, ni ce goggo, ni ce malamar lesin. In na rasa yadda zan yi sai in miƙa musu waya don in samu in yi salla.

Ina son yaran nan kamar raina, amma ina jin tsoron abin da za su tuna da ni shi ne tsawa. Ku da kuke zaune ku kaɗai, yaya kuke yi? Wa ke taya ku?

Ummu Aisha, Kurna:
Wa alaikumus salam. Allah sarki Maman Sadik, kamar kin shiga gidana kin rubuta. Nawa biyu ne kawai amma tsakanin la'asar da isha'i ji nake kamar kaina zai tsage. Allah ya ba mu haƙuri da su.

Hajiya Kaka, Gwammaja:
'Yata, na karanta kuma na tausaya miki, amma zan faɗi gaskiya ko ba za ta yi daɗi ba. Gidan yawan da kike kewa, ai ku kuka guje shi. Yau yarinya tun ba a kai kuɗin aure ba ake gindaya sharaɗi, ita ba za ta zauna da uwar miji ba, ba za ta zauna da facala ba, sai gidan ita kaɗai. To ga shi an ba ku. Ni na haifi tara, na yi jika sun fi ashirin, ban taɓa rainon ɗa ni kaɗai ba, kuma ban taɓa ganin wadda ta yi hakan a zamaninmu ba. Mace in ta haihu na fari gida take tafiya wankan jego, kwana arba'in ba ta ɗaga ko tsinke, ana dama mata kunun kanwa, ana gasa mata nama. Lokacin yaye ya yi kaka ce ke ɗauke yaro. Ɗan fari ma ko sunansa uwa ba ta kira don kunya, yawanci a hannun kakanni yake tashi.

Sannan ku kun hana a taya ku. Watannin baya na ga wani yaro a layinmu yana jifan akuya mai ciki, na ce kai, bari, na riƙe masa hannu. Ko dukansa ban yi ba. Kafin in shiga gida uwarsa ta yafo mayafi ta zo har ƙofa wai me ɗanta ya yi mini. Yarinyar da na ga ranar sunanta! Tun daga ranar na kama bakina. Da ana cewa ɗa na kowa ne, yanzu kowa nasa nasa ne, to dole mai shi ta gaji.

Maman 'Yan Biyu, Ɗorayi:
Hajiya Allah ya ƙara girma, ba musu nake da ke ba, amma ki bar ni in faɗi nawa ɓangaren, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekara 7 na yi a gidan yawa a cikin gari, mu huɗu matan wa da ƙani. Gaskiya ne ban taɓa rasa mai riƙe mini yaro ba. Amma kuma ban taɓa yin mako guda ba a yi rigima a kan yara ba. Yara su yi faɗa a kan ƙwallo, su shirya kafin azahar, mu iyaye mu kwashe wata ba ma gaisawa. In na saya wa nawa takalmi sai na ɓoye, kada a ce ina nuna arziki. In na hana su wani abu, can sashen ana ba su.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne lokacin da na haifi 'yan biyun. A asibiti an ja mini kunne, nono zalla har wata shida, ko ruwa kada a ba su. Na dawo gida, watan Afrilu ne ana tsananin zafin nan na Kano, surukata ta ce ba za a kashe mata jikoki da ƙishi ba. Ina banɗaki ake ɗura musu ruwan randa da cokali. Hasana ta kama gudawa, kwana huɗu muka yi a kwance a asibitin yara. Ba da mugunta ta yi ba, har ga Allah tana son su, amma ba ni da bakin hanawa. Ranar da aka kira wanzami zai cire musu belu kuwa sai da na kulle kaina a ɗaki da su har babansu ya dawo. Har yau ana yi mini gorin wannan.

Saboda haka ni dai yanzu ina gajiya, amma gajiyar da na san dalilinta.

Hajiya Kaka, Gwammaja:
Maman 'Yan Biyu, wannan kuma kin yi gaskiya. Akwai abubuwan da muka yi cikin rashin sani, Allah ya yafe mana. Ni ma duk 'ya'yana an cire musu belu, jikokina kuwa ban bari ba tunda aka yi mana bayani. Amma don tsohuwa ta yi kuskure a ruwa ba shi ne za a raba ta da jika gaba ɗaya ba.

Sista, Tarauni:
Salam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma uwa, 'ya'yana huɗu. Maman Sadik, abu na farko, kin ce Haidar yana kukan haƙori. Ki lura, haƙori yana sa ƙaiƙayin dasashi da dalalar miyau da 'yar rigima, amma zazzaɓi mai zafi ko gudawa ba haƙori ba ne. Yara da yawa ana kawo mana su a galabaice don an zauna a gida ana cewa haƙori ne. In kin ga ɗayan biyun nan ki kai shi, kada ki tsaya sayen maganin haƙori a kemis. Kuma wata mai zuwa zai cika 9, allurar ƙyanda ke nan, kada katin ya shige ƙarƙashin katifa. Duk wanda ya ga yadda mashaƙo ya yi mana ɓarna a Kano a 2023 ba zai yi wasa da rigakafi ba, kuma kariyarsa tana cikin allurar nan ta sati 6 da 10 da 14 da wasu ke tsallakewa.

Maganar waya kuma. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idar da ta fitar a 2019 ta ce yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Na san faɗa ya fi yi sauƙi. Ni ma na miƙa. Amma abin da nake gani a wurin aiki shi ne yaro ya kai shekara uku bakinsa bai buɗe sosai ba, in ka tambaya sai ka tarar yini yake da katun, ba mai yi masa magana. Yaro a bakin mutane yake koyon magana. Ko wanke-wanke kike yi ki zaunar da Ilham kusa, ki ba ta roba biyu da ɗan ruwa, ki riƙa yi mata hira.

Na ƙarshe, ke kanki. Mai shayarwa da ba ta samun barci, ba ta cin abinci a kan lokaci, dole fushinta ya zama a kusa. In kika ga kullum cikin kuka kike, ba kya jin daɗin komai, to wannan ma ciwo ne da ake dubawa a asibiti, ba rashin godiyar Allah ba ne.

Baban Khalil, Sharaɗa:
Assalamu alaikum. Iyayenmu mata ku ba ni dama in sa baki, tunda an ambaci maigida da ke fita tun bakwai. Ni a Kantin Kwari nake, yaron shago ne ba mai shago ba. Hajiya ta ce mata ne suka guji gidan yawa, amma ni nawa ganin ko matan sun so, gidan ne babu. Gidanmu na gado a Fagge, da mahaifinmu ya rasu aka raba mu 14, kason kowa bai kai ɗaki ba, dole aka sayar. Kowa ya nemi inda kuɗinsa zai kai shi, wani Rijiyar Lemo, wani Na'ibawa, wani har Janguza. Da can in za ka gai da wanka taku goma ne. Yanzu adaidaita biyu za ka hau, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma. Iyali biyar su je su dawo, kuɗin cefanen yini ne. Shi ya sa zumuncin ya koma sai suna da biki da rasuwa.

Mu ma ba daɗi muke ji ba. A da ina fita Khalil bai gama shan koko ba, in dawo ya yi barci. Akwai lokacin da na yi kusan mako ban ga idonsa biyu da dare ba. Ga haya, ga kuɗin makaranta, ga mai ruwa kullum sai an sayi kura guda. In ban tsaya a kasuwa ba wa zai biya?

Ummu Aisha, Kurna:
Baban Khalil Allah ya buɗa. Amma tsakani da Allah, ƙarfe nawa ake tashi daga Kwari? Ai kafin magariba an rufe. Daga nan zuwa goma na dare ina maza suke? Majalisa. Ana shan shayi ana musun ƙwallon Ingila da siyasa. Wanda ya dawo da wuri ma yana kishingiɗe da waya, yaro ya matso ya ce je ka wajen mamanka. Ba kai nake nufi ba, amma ka san haka ake yi.

Maman Nana, Hotoro:
Ummu Aisha kin gama magana. A ƙara da cewa in namiji ya ɗauki ɗansa ya fita da shi, wasu har cewa suke mace ta shanye shi.

Baban Khalil, Sharaɗa:
Ummu Aisha, ba zan yi gardama ba, na zauna a majalisa kuma har yanzu ina zama. Mutum ya yini a tsaye yana ɗaga dila, yana son inda zai huce. Sai dai abin da ya sa na rage shi ne wata rana na dawo da rana ɗaukar wani abu, ƙaramar 'yata ta gan ni ta ruga ta ɓuya a bayan uwarta kamar ta ga baƙo. Abin ya dake ni. Yanzu abin da na ɗaukar wa kaina guda biyu ne. Ni nake yi wa Khalil wanka da safe in kai shi makaranta a babur, ranar Juma'a kuma da shi nake zuwa masallaci, daga can mu wuce gidan Hajiyarmu. Ba yawa, amma maman tasu ta ce ko wannan awa ɗayar ta safe ta canza mata yini.

Malam Abu Hafsa, Gwale:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ni malamin Islamiyya ne, shekarata 16 ina koyar da ƙananan aji. Ina so in tuna mana abin da duk mun sani. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Ya sumbaci Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, Aƙra'u ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai aka ce masa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Anas ya yi masa hidima shekara 10 tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa tir ba. Da aka tambayi Nana A'isha me yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa. To wanda ke ganin ɗaukar ɗa zubar da girma ne, ban san girman wa yake koyi da shi ba.

Maganar duka, ko salla da ta fi komai, umarni aka ce a yi wa yaro a shekara 7, ba a ambaci duka ba sai a 10. Ina ga 'yar shekara 3 da ta zubar da kuka? Ba ina ɗora miki laifi ba ne Maman Sadik, wadda ta zauna ta yi kuka a kan abin da ta yi ai zuciyarta a raye take. Ki jawo ta jiki, ki ce mata kin yi kuskure. Ba ya rage wa uwa komai.

Amma akwai abin da nake gani kullum da nake so iyaye su duba. Yaro ɗan shekara 5 an tashe shi da asuba, boko har ƙarfe biyu, lesin har uku, huɗu yana gabana da allo ko littafi. Wallahi wasu a zaune suke barci, kai yana lilo. Asabar da Lahadi kuma tahfiz tun safe. Mu da muka yi makarantar allo muna da Alhamis da Juma'a, kuma tsakanin karatun safe da na yamma muna langa, muna wasan ɓuya, 'yan mata suna 'yar carafke da gaɗa a dandali. Yaron da bai yi gudu ya gaji a waje ba, a cikin ɗaki zai sauke ƙarfinsa, a kan labule da kujera da uwarsa.

Maman Nana, Hotoro:
Malam, wane wajen? Ni ba zan iya ba. Ba mu manta ba, a watan Oktoban 2019 'yan sanda suka gano yara 9 'yan Kano da aka sace aka kai su Anaca a jihar Anambra, kuma daga wannan yankin namu aka ɗauke su, su Hotoro da Yankaba da Dakata. Wasu an same su ko Hausa ba sa ji. Tun daga lokacin ko aiken sayen magi ba na yi wa yaro. Ga 'yan adaidaita da masu babur da ke shigowa lungu a guje, ga kwata a buɗe, ga yaran da ke koya wa naka zagin da ko babba ba zai iya maimaitawa ba. Gara su farfasa mini kayan ɗaki ina ganinsu.

Malam Abu Hafsa, Gwale:
Tsoronki a kan hanya yake Maman Nana, ni ma ba na cewa a saki yaro a titi. Abin da ya sa da ake sakinmu shi ne akwai ido a kanmu, tsofaffi a kan dakali, mai tebur a bakin layi ya san ɗan gidan wane ne kowa. Idon ne ya tafi. Amma ko awa ɗaya bayan la'asar uba ko wa ya zauna a ƙofar gida yara su yi wasa a gabansa, ai ya samu.

Anti Zee, Kabuga:
Ni dai shawarata a taƙaice take, Maman Sadik ki samo yarinya daga ƙauye. Akwai matan da ke kawo su, wata-wata ake biya. Ni ina aikin gwamnati, ba don yarinyata ba da tuni na ajiye aikin.

Maman 'Yan Biyu, Ɗorayi:
Anti Zee, shekararta nawa?

Anti Zee, Kabuga:
Za ta yi 11 ko 12. Amma tana da hankali sosai.

Maman 'Yan Biyu, Ɗorayi:
To Anti kada ki ji haushi, wannan ita ma ai rainonta ya kamata a yi. Ni na taɓa ɗauka, kuma har yau in na tuna sai na ji nauyi. 'Yar shekara 10 aka kawo mini. Ita ke tashi kafin kowa, ita ke kwanciya bayan kowa, nawa suna tafiya makaranta da jaka ita tana bin su da kwandon abinci. Wata rana na tarar da ita a bayan ƙofa ta ɗauki littafin Husaini tana bin haruffan da yatsa, ta juya shi a kife ba ta ma sani ba. Kuɗin aikinta kuwa ko sisi ba ya zuwa hannunta, mai kawo ta ke karɓa, wai ana tara mata na kayan ɗaki. Kuma abin da na lura, yarana sun fara aikenta da tsawa, Husaini ɗan shekara 5 yana ce mata ke zo ki ɗauke kwanon nan. Na ce ashe tarbiyyar da nake gudun ta lalace a waje, a cikin gidana take lalacewa. In za a ɗauka a ɗauki babba, bazawara ko dattijuwa da ke neman na kanta, a biya ta a hannunta. In kuma yarinya ce a sa ta makaranta tare da naka, ta ci abin da suka ci.

Anti Zee, Kabuga:
Tana zuwa Islamiyyar dare, kuma ba na bambanta ta da nawa a abinci ko sutura. Bokon ne ban sa ta ba, gaskiya. Zan yi magana da babansu in an koma sabon zango.

Yaya Hauwa, Gyaɗi-Gyaɗi:
Bari in faɗa muku abin da muke yi a gidanmu, ko wani zai ɗauka. Gidan haya ne mai sashe huɗu, ba dangin juna ba ne mu, ɗaya ma 'yar Zariya ce, ɗaya Bayarabiya haifaffiyar Sabon Gari. Shekara biyu muna zaune sai dai sannu sannu. Ranar da na yi ɓari maigidana yana Legas, Bayarabiyar nan ce ta kai ni asibiti, 'yar Zariyar ta kwana da yarana. Daga nan muka ce to me ya sa sai an shiga uku za a nemi juna? Muka mai da shi kamar adashi. Daga la'asar zuwa magariba duk yaran gidan, su tara ne, suna wajen mace ɗaya a tsakar gida, sauran ukun su yi girki ko su kwanta ko su je unguwa. Gobe wata ta karɓa.

Amma sai da muka zauna muka yi sharaɗi, don zo mu zauna zo mu saɓa ne. Ba mai dukan ɗan wata, in ya yi laifi a zaunar da shi gefe a faɗa wa uwarsa. Ba kunna musu waya. Wanda ke zazzaɓi ko tari ya zauna a ɗakinsu. In yara sun yi faɗa wadda ke da aiki ranar ita ke raba su, kuma ba a ɗaga maganar bayan magariba. Mun saɓa sau biyu ko uku, ba zan ɓoye ba, har wata ta janye nata na sati biyu sannan ta dawo da kanta. Ranar da take tawa tatsuniya nake musu, ta Gizo da Ƙoƙi, wadda na manta ƙarshenta in kira mahaifiyata a waya ta tuna mini. 'Yar Bayarabiyar nan yanzu ita ke fara cewa ta zo mu ji ta.

Hajiya Kaka, Gwammaja:
Hauwa Allah ya yi miki albarka. Ai wannan shi ne gidan yawan, sai dai ku kun zaɓi facalolinku da kanku. Ni kuma roƙona ga masu iyaye a raye, ku riƙa kawo mana su. Ba sai da leda a hannu ba. Jikana na wajen autana da aka kawo shi da sallar bara, muka fita kallon hawan Daushe, na ce maigida zo ka ba ni kuɗin cefane, yaron nan ya kalli uwarsa ya tambaye ta da Turanci me nake cewa. Dariya aka yi, ni kuwa da na shiga ɗaki sai da na share hawaye. In mun mutu wa zai gaya masa su wane ne danginsa?

Maman Sadik, Rijiyar Zaki:
Na gode ƙwarai, na karanta duka, wasu sau biyu. Hajiya, ni ban gindaya sharaɗi ba wallahi, irin na Baban Khalil ne ya same mu, gidan su maigidan an raba. Amma maganarki ta kamo ni ta wani wajen, don rabon da in kai yaran Yakasai su yini tun ƙaramar salla, kullum ina cewa kuɗin mota.

Sista, Haidar ba zazzaɓi alhamdu lillahi, na kuma ciro katin na ajiye a kan firji. Malam, na yi abin da ka ce. Da safe ina yi wa Ilham kitso na ce mata jiya Mama ta yi fushi ta dake ki, ki yafe mini. Ta ce to, sannan ta ce in saya mata alewa. Robar dai har yanzu tana goye da ita, na kasa kunne ban ji ta yi mata tsawa ba yau.

Na nuna wa Baban Sadik abin da Baban Khalil ya rubuta. Bai ce komai ba, amma yau ya dawo kafin isha'i, shi ya duba wa Sadik aikin makaranta. Ya ce ranar Asabar zai sauke mu a Yakasai kafin ya wuce kasuwa, ya ɗauko mu da dare.

Yaya Hauwa, akwai wata maƙwabciyata da katangarmu ɗaya, yaranta biyu sa'o'in nawa, shekara ɗaya da rabi ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu in mun haɗu wajen mai kayan miya. Ina so in shiga wajenta gobe amma ina jin nauyi, kada ta ga kamar zan ɗora mata yarana ne. Ke da wace magana kika fara?

Yaya Hauwa, Gyaɗi-Gyaɗi:
Kada ki fara da maganar raino. Ki yi ɗanwake ki zuba a kwano ki shiga da shi da kanki, yaran suna biye da ke. In kin tashi tafiya ki ce ta bar nata su zo wajenki gobe da la'asar ta samu ta huta. Ke ki fara karɓa, sau biyu ko uku, kafin ki ce komai.

Maman Sadik, Rijiyar Zaki:
To shi ke nan. Akwai garin ɗanwake a gida, kukar ce dai Ilham ta zubar, zan aika a sayo da safe in sha Allah.